Raƙumin da na saya da dala, da yadda na bi sawun kuɗina

Ranar Lahadi ce, kasuwa ba ta ci, kuma an ɗauke wuta tun asuba. Ina zaune a ɗakina a Agege da laftof a kan cinya, cajinta ya kusa rabi, na buɗe imel na rubuta sunan wani kamfanin gem, wato wasan kwamfuta, a wurin bincike. Rasit takwas suka jeru. Na ɗauko littafin da nake rubuta bashin kwastomomi, na juya bayansa na shiga lissafi: 60, 25, 10, 10, 10, 10, 50, 35. Dala 210. Na sake tarawa don ban yarda ba. Kullum a raina dala 60 na san na kashe wa gem ɗin nan, sai 'yan canji da ba su kai a ambata ba. Ashe 'yan canjin sun ninka uwar kuɗin sau biyu da rabi.

Gyaran waya da laftof nake yi a Computer Village da ke Ikeja, a wani lungu kusa da titin Otigba, teburi ɗaya mu biyu da abokina. A Agege aka haife ni, amma asalin gidanmu Katsina, kuma sana'ar gidan shanu ce. Ni ne na kauce na bi waya. Gem kuwa tun ina yaro nake bugawa, daga shagon PlayStation na unguwa inda ake biya a buga ƙwallo, wanda aka ci ya tashi ya ba wani.

A watan Maris na 2021 na ci karo da bidiyon tallar gem ɗin. Ayarin raƙuma ne yana ratsa rairayi da yamma, ga rijiya, ga gari mai ganuwa, ga kasuwa ana sauke gishiri da fatu. Suka ce mutane da yawa za su shiga lokaci ɗaya, kowa da ayarinsa, a yi fatauci daga gari zuwa gari, a haɗa kai a tsare hanya daga 'yan fashi, farashi ya hau ya sauka gwargwadon abin da 'yan wasa suka kawo. Duk gem ɗin da na taɓa bugawa, ko dai harbe-harbe a titunan Amurka, ko sara da takobi a dazukan Turai. Wannan kuwa sai na ji kamar labarin fatake da madugu da kakanmu ke ba mu. Ƙaramin kamfani ne a Turai, ba zan kama sunansa ba, kuma gem ɗin bai wanzu ba tukuna. Kuɗin yin sa suke nema a hannun jama'a.

Ga wanda bai san tsarin ba, shafin da ya fi suna a wannan harka shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009. Mai aiki zai faɗi adadin da yake nema da wa'adin tarawa. Idan aka cika adadin kafin wa'adi, sai a cire kuɗin daga katin duk wanda ya yi alkawari. Idan ba a cika ba, ba a taɓa ko kwabon kowa. Shafin ya ɗauki kashi 5 cikin 100, masu sarrafa kati su ɗauki nasu, sauran a miƙa wa mai aiki dunƙule, tun bai aza tubali ko ɗaya ba. Nawa ba a can aka yi ba, a wani shafi ne mai irin wannan tsari. Kuma kada a ɗauka hauka ce zalla ta kai ni. Tsarin ya haifi 'ya'ya na gari. A 2012 kamfanin Double Fine ya nemi dala 400,000 aka tara masa sama da miliyan 3, gem ɗin ya fito ko da yake a makare kuma kashi biyu. Shovel Knight da Undertale ta wannan ƙofa suka shigo. Hollow Knight, wanda na kwana da yawa a kansa, shi ma haka, ya fito a 2017. Da waɗannan na auna.

A lokacin bankina yana barin a kashe dala 100 a wata da katin naira, dala kuma tana wajen naira 480 a hannun 'yan canji. Na zaɓi matakin dala 60: gem ɗin idan ya fito, damar shiga gwaji kafin kowa, da sunana a jerin waɗanda suka taimaka. Kusan naira 29,000, ribar canza allon waya guda biyar ko shida. An rubuta cewa za a gama a ƙarshen 2022. A gefen wannan kwanan wata akwai wata 'yar kalma da ke nufin ƙiyasi ne kawai. Na gan ta, ban tsaya a kanta ba.

Shekarar farko ta yi daɗi. Duk wata wasiƙa na zuwa da hotuna: ga yadda ƙafar raƙumi za ta nutse a rairayi, ga yadda inuwar ganuwa za ta juya da rana. A watan Agustan 2022 suka buɗe matakin gwaji na farko, wanda a harkar ake kira alfa. Da na faɗa wa maƙwabcinmu a kasuwa, wani Bayarabe mai sayar da caja, cewa gem ɗina ya shiga alfa, sai ya ce to Allah ya sa Alfan ya yi masa addu'a mai kyau, don a wurinsu malami ake kira haka. Na bar laftof a shago ta kwana tana saukewa, don datar wayata ba za ta ɗauka ba.

Abin da na tarar: gari ɗaya, ƙofa ɗaya. Ka fita ƙofar ka yi tafiyar minti goma a rairayi, sai ka bugi wani bango da ba a gani. Kasuwar nan da aka nuna a bidiyo tana nan, rumfuna a jere, babu mai saye babu mai sayarwa. Tunda sabarsu, wato babbar kwamfutar da gem ɗin ke gudana a kanta, a Turai take, in na danna tafiya sai mutumina ya ɗan yi jim kafin ya ɗaga ƙafa. Wani lokaci ya faɗa cikin ƙasa ya yi ta gangarawa cikin duhu har sai na kashe na kunna. Ban damu ba, ai gwaji ne. Amma akwai wuri ɗaya da komai ke aiki sumul, ba tangarɗa ko ɗaya: shagon sayen kaya da kuɗin gaske.

A shagon ba a sa farashi da dala. Sai ka fara sayen kuɗin cikin gem ɗin, wasu tsabobi masu ruwan zinariya, sannan ka sayi kaya da su. Tsaba 1,000 dala 10, tsaba 2,800 dala 25. Raƙumi kuma tsaba 1,200. Ka ga ƙaramin ƙunshi bai isa ba, babba ya yi yawa. Na danna na dala 25, kati ya ƙi. A farkon 2022 bankuna sun rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Da ina da rabon tsira, da a nan na tsaya. Amma a Computer Village nake aiki, inda babu ƙofar da ba a san tagarta ba. Kafin la'asar na buɗe katin dala na cikin manhaja, irin wanda ba a riƙe shi a hannu, na zuba masa naira a kan wajen 700 duk dala, har da ladan masu manhajar.

Gaskiya raƙumin ya yi kyau. Ja ne mai duhu, da tuntaye a wuya, yana tuƙa a hankali kamar mai tunanin wani abu, leɓensa na ƙasa na rawa. Idan ƙuda ya sauka masa a ido sai ya ƙifta ya girgiza kai. Ka danna maɓalli ɗaya ya durƙusa, ƙafafun gaba tukuna sannan na baya, daidai yadda na gaske ke yi. Wanda ya zana shi ya kalli raƙumi da kyau. Sai dai ba a hawansa, ba a ɗora masa kaya, ba ya bin ka. Yana tsaye a ƙofar gari, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa hawa na nan tafe.

Ragowar tsaba 1,600 ta tsaya mini a rai. Rumfa a kasuwa 2,000 ce, an ce masu rumfa su za su fara cin riba ranar da aka buɗe ciniki. Na ƙara dala 10, na sayi rumfa, saura 600. Daga nan sai akwatunan sa'a, kowanne 350, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Na ƙara dala 10 har sau uku, na buɗe goma a cikin wata huɗu, ina farautar wani takobi da aka nuna. Na samu rawani shuɗi har sau huɗu, da buta, da wasu takalma. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne, kuma ni da bakina na sha yi wa yaran unguwa faɗa a kan shagunan caca na ƙwallo. Amma nawa tunda rawani ke fitowa ba naira ba, ban kira shi da sunansa ba. Bayan akwati na goma tsaba 100 ta rage, wadda ba ta sayen komai.

Ƙanena ne ya tona ni. Muna cin tuwo da dare a tsakar gida, Baffa ya zo daga mayankar Oko-Oba a gajiye, sai yaron nan ya ce, "Baffa, kun san Yaya ya sayi raƙumi?"

Baffa ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Raƙumi? A Legas? Ina ka ɗaure shi?"

Na ce, "A cikin kwamfuta yake, Baffa."

"Ɗauko in gani."

Na kawo laftof. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, har na danna masa ya durƙusa. Ya ce, "Ba laifi, lafiyayye ne. Yana ɗaukar kaya?" Na ce tukuna. "Ana hawansa?" Na ce tukuna. "In ka matsu, ka iya kai shi kara ka sayar?" Na ce ba sa bari.

Ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ni ko akuya zan saya sai na buɗe bakinta na ga haƙori, na taɓa ƙugunta. Kai ka yi cinikin biri a sama, kuma bishiyar ma ba a garinku take ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce a raina tsofaffi ba su san zamani ba.

Ƙarshen 2022 ya zo ya wuce. Aka ce tsakiyar 2023. A tsakiyar 2023, lokacin da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira ta nemi farashinta, kuɗin danfo daga Agege zuwa Ikeja ya tashi, ni kuma na sayi fili na dala 50 a gari na biyu, garin da ko ganuwarsa ba a zana ba. Suka ce filayen ƙidayayyu ne, agogo na ta ƙirga awoyin da suka rage a saman shafin. A Disamba wasiƙa ta zo mai sanyaya jiki: kuɗi sun yi ƙasa, an sallami wasu ma'aikata, duk mai son ganin gem ɗin ya kai gaci ya taimaka ya sayi farin raƙumi na musamman, dala 35. Dala ta haura 1,000 a lokacin. Na saya. Ba don ina son farin raƙumi ba. Lissafina shi ne idan kamfanin ya mutu, duk abin da na zuba a baya ya mutu tare da shi.

Sai daga baya na gane yadda abin ke juyawa, kuma ban ce mugunta ce tsagwaronta ba. Kuɗin da aka tara da farko albashi ne, kuma albashi wata-wata yake cinye kuɗi ko an gama aiki ko ba a gama ba. Idan suka ƙare, shago ne kaɗai ke kawo wasu. Zana sabon raƙumi aikin mutum ɗaya ne na 'yan makonni, kuma yana kawo dala a ranar da aka sa shi. Gina tsarin ciniki tsakanin dubban 'yan wasa aikin shekaru ne, kuma waɗanda za su more shi sun riga sun biya tun 2021. To wanne za a fara yi? Ni ma na san wannan halin a teburina. Wayar da aka riga aka biya kuɗin gyaranta takan kwana uku a aljihun teburi ina ce wa mai ita gobe, alhali wanda ya zo da kuɗi a hannu yanzu nake sallama. Bambancin kawai, mai wayar ya san lungun da nake, kuma zai iya zuwa ya tsaya mini a ka.

A farkon 2024 dala ta haura naira 1,800 a kasuwar canji, sai aljihu ya yi mini hankalin da kaina ya kasa yi. Na daina saye. Wasiƙu suka koma wata uku-uku. Sannan aka aiko da wata doguwa cewa za su canza injin da aka gina gem ɗin a kansa, wanda ke nufin a rushe da yawa a sake. Kullum gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. 'Yan wasa suka yi ca, kamfanin ya cire akwatunan sa'a don a huce, amma shago bai rufe ko na yini ɗaya ba.

Abokin teburina, wanda ya fi ni bin labaran gem, shi ke ba ni haƙuri ta hanyarsa. Ya ce, "Mutumina, naka ai wasan yara ne." Ya ba ni labarin Star Citizen, gem ɗin jiragen sararin samaniya da Chris Roberts ya sanar a 2012, aka sa ran fitowarsa a 2014. Zuwa 2025 ya tara sama da dala miliyan 800 daga hannun 'yan wasa, mafi yawa ta hanyar sayar da jirage, kuma yana matakin alfa. Akwai ƙunshin jirage da aka sa wa dala 48,000. Masu buga shi da yawa suna cewa suna jin daɗin abin da ke akwai, wasu kuma sun gaji da jira. Na ce masa wannan bai rage mini zafi ba, ya dai nuna mini cewa dangina na da yawa a duniya.

To, ranar Lahadin nan ta 2025 da na ga dala 210 a bayan littafin bashi, na yi niyyar neman kuɗina. A naira, abin da ya fita daga hannuna a tsawon shekarun ya haura 160,000. Idan kuwa za a mayar mini da dalolin a farashin ranar, sun haura 300,000.

Na fara da kamfanin. A shafinsu akwai wurin shigar da koke, na rubuta gajeren bayani, na jera lambobin rasit takwas, na ce ina son a mayar mini da kuɗina tunda an wuce wa'adi da fiye da shekara biyu. Nan take amsar inji ta zo da lambar koke. Amsar mutum kuwa sai bayan kusan mako uku. Suka raba kuɗina gida biyu. Dala 60 ta farko, a cewarsu, ba saye ba ce, gudunmawa ce, kuma kwanan watan da aka sa ƙiyasi ne. Dala 150 ta kaya kuma an riga an ba ni abin da na biya, tunda tsabobi sun shiga asusuna, raƙuma suna tsaye, takardar fili na nan. Suka liƙo mini sakin layi daga sharuɗɗan da na danna na amince. A dokar Tarayyar Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 ya fasa, amma idan kayan na cikin kwamfuta ne kuma ya yarda a ba shi nan take, wannan dama ta faɗi. Akwai wani ɗan akwati da nake dannawa duk lokacin biya. Ashe shi ke nan.

Na koma wa shafin da aka tara kuɗin. Su ba su ɓata lokaci ba: kuɗin sun bar hannunsu tun 2021, magana tsakanina da mai aiki ce.

Sai banki. Na rufe teburi da hantsi na je reshensu a Ikeja, na ɗauki lamba, na zauna cikin sanyin na'ura kusan awa ɗaya. Ma'aikaciyar da ta saurare ni mai kirki ce. Ta tambaya ko ni na yi biyan da hannuna, na ce ni ne. Ta ce to ba satar kati ba ce. Ta tambayi ranar, na ce Maris 2021. Ta ɗago ta dube ni, ta ce ƙalubalantar biya da kati yana da wa'adi, galibi kwana 120 ne, ni kuma na zo bayan shekara huɗu. Ta ce in ina so in cike fom, amma ba za ta yi mini ƙarya ba. Na gode mata, na bar fom ɗin a kan teburinta.

Masu manhajar katin dala ta hanyar saƙo muka yi magana. Katin da na yi amfani da shi an daɗe da rufe shi an ba ni wani, amma suna da tarihin biyan. Tambaya ɗaya suka yi wadda ta gama da ni: kayan da ka biya, an ba ka ko ba a ba ka ba? Na daɗe ina kallon allon wayar. An ba ni raƙumi. Abin da ba a ba ni ba shi ne hamadar da zai ratsa, kuma babu rasit ɗin da aka rubuta hamada a kansa.

Na yi tunanin kai kuka hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Na san a Amurka, a ƙarshen 2022, hukumar FTC mai irin wannan aiki ta sa kamfanin Epic Games mai Fortnite ya ware dala miliyan 245 don mayar wa mutanen da ta ce an ja su sun sayi kaya ba da niyya ba. Amma wancan babban kamfani ne a cikin ƙasar da hukumar take. Nawa 'yan mutane ne a wata ƙasa, ba su da ko akwatin gidan waya a Najeriya. Na auna kuɗin mota da ranakun da zan rufe teburi, na bar maganar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na jira gem ɗin ya fito na saye shi a Steam, babban shagon sayar da gem na intanet, da ina da kwana 14 in mayar, muddin ban buga shi ya kai awa 2 ba. Wanda ya zo ƙarshe yana da kariyar da wanda ya ɗauki kasadar farko ba shi da ita.

Na gwada sayar da asusun gaba ɗaya, duk da sharuɗɗan sun hana. Mutum ɗaya ya taya dala 30, kuma ya ce in fara turo masa kalmar sirri kafin ya biya. A Legas nake zaune, na san wannan waƙar.

Wata ranar bayan sallar isha'i na tsaya wurin malamin da ke karantar da mu a masallacin unguwa. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ya biya kuɗin abin da ba a ƙera ba tukuna, yaya hukuncinsa?" Ya ce ai biya kafin karɓa ba baƙon abu ba ne, shi ne cinikin salam, kuma hadisi ya zo da sharaɗinsa: mudu sananne, awo sananne, wa'adi sananne. Ya tambaye ni ko an siffanta kayan yadda ba za a yi jayayya ba. Na ce an nuna bidiyo, amma an rubuta komai na iya canzawa. Ya tambayi wa'adi, na ce ƙiyasi ne. Ya ce, "To su da kansu me suka kira kuɗin?" Na ce gudunmawa. Ya yi murmushi ya ce, "Kai ka shiga da niyyar ciniki, su sun karɓa da sunan kyauta. Tun a bakin ƙofa ba magana ɗaya kuke yi ba." Maganar akwatunan sa'a kuwa ban kawo masa ba, don na san amsar.

Na sake rubuta wa kamfanin wasiƙa ta biyu, wannan karon doguwa, ba zagi. Na buɗe bidiyon 2021 na bi shi daƙiƙa-daƙiƙa, na jera abin da aka nuna da abin da ke akwai yau. Na gaya musu abin da dala 210 take nufi ga mai gyaran waya a Ikeja. Na ce ko ba za a mayar da duka ba, a mayar da kuɗin filin, tunda garin da yake ciki babu shi.

Amsar ta zo bayan wata guda, kuma daga gani mutum ne ya zauna ya rubuta. Ya ce ya karanta wasiƙata sau biyu, ya ce su kaɗan suka rage a ofis, kuɗin an biya albashi da su tuntuni, idan suka buɗe ƙofar mayarwa ga mutum ɗaya ba za su kai ƙarshen wata ba. Ya ce bai taɓa sanin suna da ɗan wasa a Najeriya ba. Ya ba ni haƙuri, kuma ya ce sun zuba mini tsaba 1,000 a asusuna don nuna godiya.

Daren nan na kunna gem ɗin, karo na farko cikin wata bakwai. Sai da ya sauke sabuntawa mai nauyi, ta cinye mini data. Gari na nan yadda na bar shi, an ƙara tsuntsaye a kan ganuwa. Jan raƙumi da fari suna tsaye a ƙofa suna tuƙa. A saman allo an rubuta 1,100, wato kyautarsu da ragowar ɗarina ta akwati. Na buɗe shago in ga abin da za ta saya. Tunda an cire akwatuna, mafi arha yanzu wani sirdi ne mai ado da jan fata, an ce zai yi aiki ranar da aka buɗe hawa. Tsaba 1,200.

Ƙanena na tsaye a bayana, ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, "Yaya, ɗari kawai ya rage fa."

Na ce masa ya je ya duba ko Baffa ya dawo, a zuba tuwo.